Yadda Ake Kwatanta Marx da Durkheim da Weber, Daga Kan Fatar Akuya Guda

Duk ƙarshen zangon karatu, idan na zauna gaban tulin takardun jarrabawa, amsa iri ɗaya nake ta cin karo da ita. An ce wa ɗalibi ya kwatanta ra'in Karl Marx da na Emile Durkheim da na Max Weber a kan al'umma da rashin daidaito, sai ya buɗe da shekarar haihuwar Marx, ya zubo abin da ya haddace shafi guda, ya ja layi, ya koma kan Durkheim, ya sake jan layi, ya ƙare da Weber. Can ƙasa ya ce dukkansu sun ba da gudummawa. Yaron ya yi karatu, kuma abin da ke min ciwo ke nan. Ya hana idonsa barci, ga zafin Sakkwato, ga rashin wuta, amma ya zaunar da mutum uku a zaure ɗaya kamar baƙi, ba wanda ya ce wa wani uffan. Jerawa daban, kwatantawa daban. Ba a kwatanta masana sai an sa su gardama a kan abu guda, kuma hanyar yin haka nake son in shimfiɗa maka a nan.

Da farko, san abin da ya dami kowannensu

Kada ka ɓata lokaci a tarihin rayuwarsu. Abin da kake nema shi ne ciwon da kowa ya tashi yi wa magani.

An haifi Marx a Trier ta ƙasar Jamus a 1818, kora ta kai shi Landan a 1849, can ya zauna har ya mutu a 1883. Amininsa Friedrich Engels ya yi aiki a masaƙar iyalinsu da ke Manchesta, ya ga yadda leburori da ƙananan yara ke ƙarewa a bakin inji, ya rubuta littafi a kansu a 1845. Tambayar Marx ke nan: me ya sa dukiya ke ƙaruwa, masu samar da ita kuma suna nan jiya i yau?

Durkheim Bafaranshe ne, ɗan malamin Yahudawa, an haife shi a 1858, ya mutu a 1917. Yana ɗan shekara 12 Jamusawa suka ci ƙasarsa da yaƙi, ya tashi cikin al'ummar da ta rabu a kan addini da siyasa. Shi abin da ya dame shi, me ke riƙe mutane wuri ɗaya bayan ƙauye ya watse kowa ya shigo birni?

Weber kuwa, wanda ya rayu daga 1864 zuwa 1920, lauya ne ta wajen karatu, ya girma a Jamus ɗin da Bismarck ya haɗe a 1871, ƙasar ofisoshi da fayil da sojoji. Yana son ya san dalilin da ke sa mutane biyayya, da ma'anar da suke ba abin da suke yi.

Wannan ya isa. Layi biyu ga kowane mutum a takardarka, ka wuce.

Na biyu, ɗauki abu guda da ka sani da idonka

Nan ne mafi yawan ɗalibai ke zamewa, don suna ganin sai misalin Turai ne ke da maki. Mu a nan birni muna zaune a tsakiyar misali. Sunayen unguwanninmu kaɗai darasi ne: Maɗunka, Maƙera Asada, Marina, Gidaɗawa, Kanwuri. Tun a suna an gaya maka sana'a ko matsayin waɗanda suka kafa wurin.

Ni fatar jar akuyar Sakkwato nake ba ɗalibaina. Ita ce fatar da ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Bi ta daga tushe. Makiyayi ko wata tsohuwa a ƙauye ta kiwata akuya. Mahauci ya yanka, ya feɗe. Dillali ya tara fatu. Majemi ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare gashin da kartaji, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, ya shafe ta da mai. A rina ta ja da karan dafi. Baduku ya yanka, ya ɗinka takalmi ko jaka ko titimi. Ɗan kasuwa ya kwasa ya kai Kano ko Abuja ko Legas. Hannu bakwai ko takwas a kan fata guda, kuma ba rabo ɗaya suke tashi da shi ba, ba kuma kallo ɗaya jama'a ke yi musu ba.

In da hali, je ka gani. Ka fara ta wurin mai unguwa ko babban masu sana'ar, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka. Kada ka tambayi dattijo nawa yake samu, ba zai gaya maka ba, kuma ka yi rashin ladabi. Tambaye shi wa ke kawo masa fata, wa ke saye, wa ke yanke farashi, wa ya koya masa aikin.

Wani ɗalibina ya yi haka. Ya tarar da wani tsoho tsugune gaban kwatarniya, hannunsa ya rine har gwiwa, tafinsa duk ya tsage saboda toka. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da aiki. Karatu ya kawo ni, ina son in san yadda sana'ar nan take." Tsohon bai ɗaga kai ba sai da ya matse fatar da ke hannunsa. Cikin hirar da suka yi, yaron ya rubuto min magana huɗu yadda suka fito daga bakinsa:

"Yaro, mu munka jeme ta, amma ba mu ka yanka mata kuɗɗi ba."

"In babu mu, mi baduku za ya ɗunka?"

"Wanda yas sa takalmin, shi ka toshe hanci in ya biyo ta nan."

"Aikin ga gado na, nan ubana yab bar ni."

Riƙe maganganun nan huɗu. Da su za mu yi sauran aikin.

Na uku, shirya tambayoyi iri ɗaya

Ɗauki takardar gwaji ka ja gida-gida. A sama ka rubuta sunayen masanan uku, a gefe ka jera tambayoyi: Mece ce al'umma a wurinsa? Daga ina rashin daidaito ke tasowa? Me ya sa na ƙasa ke haƙuri da shi? Ina matsayin addini da sarauta? Ta yaya abubuwa ke canzawa? Wace hanya ya bi ya gano abin da ya faɗa? Sharaɗin shi ne kowace tambaya sai ka yi wa duka ukun. Gidan da ya rage babu komai a ciki, nan karatunka yake da rami, koma ka cike shi kafin ka ci gaba.

Na huɗu, miƙa wa kowa fatar

Marx zai kama maganar farko. A wurinsa ba yawan kuɗi ke sa mutum a aji ba, wato rukunin da yake ciki ta fuskar tattalin arziki, dangantakarsa da kayan samarwa ce: wa ya mallaki fili da jari da kayan aiki, wa kuma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Ka lura da wannan sosai, don kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ce duk mai kuɗi ɗan jari-hujja ne, duk matalauci ɗan ƙwadago ne. Tsohon nan in kwatarniyar tasa ce, kartajin nasa ne, to a ma'aunin Marx ƙaramin mai sana'ar kansa ne, ko da bai da na cefane. Inda aka kama shi shi ne ta wajen ɗan kasuwar da ke ba shi kuɗin fata tun kafin a jeme, da sharaɗin shi zai saye. Wanda ya ci bashin jari ba ya ja-in-ja a kan farashi.

Don ka ga abin da Marx ya kira rarar ƙima a littafinsa Das Kapital na 1867, sai ka shiga shagon da mai shi ya ɗauki masu ɗinki aiki. A ce, don misali kawai, ma'aikaci ya ɗinka takalmi ƙafa biyar a yini, an sayar da su naira 20,000. Fata da zare da gam da lalacewar kayan aiki sun ci 12,000. Saura 8,000, ita ce sabuwar ƙimar da hannunsa ya ƙara. An ba shi 3,000, sauran 5,000 ta tsaya wurin mai shago. Bahaushe ya riga ya yi wa wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da Marx ya ƙara shi ne cewa ba sai gardin ya zama mugu ba. Ko mutumin kirki ne, gasar kasuwa za ta tilasta masa ya matse lada, in ya ƙi wani ya ture shi. Laifin na tsari ne. Mai shago kuwa zai ce shi ya zuba jari, shi ke ɗaukar asara ranar da kaya suka yi kwantai. Rubuta wannan ma, zai yi maka amfani wajen suka.

Durkheim zai ce maganar tsohon ta biyu ita ce zuciyar al'amarin. A littafinsa na 1893 kan rabon aiki, ya bambanta haɗin kai iri biyu. Akwai na kamanni, irin na ƙaramin ƙauye inda kowa manomi ne, imani ɗaya, al'ada ɗaya, wanda ya kauce a taru a kansa. Akwai kuma na dogaro da juna, inda mutane suka bambanta amma ba mai iya rayuwa ba tare da ɗan'uwansa ba, kamar gaɓoɓin jiki. Mahauci na buƙatar majemi, majemi na buƙatar baduku, cuɗe ni in cuɗe ka. Inda Marx ya ga igiyar da aka ɗaure wani da ita, Durkheim ya ga igiyar da ta haɗa su. Da zai zo Sakkwato, sarautun sana'a irin su Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera za su burge shi, don shi da kansa ya yi kira a 1902 da a farfaɗo da ƙungiyoyin masu sana'a, su tsaya tsakanin mutum da hukuma, su sa ƙa'ida, su raba gardama.

Amma kada ka yi masa ƙazafin da ake yawan yi masa, cewa ya yarda da kowane irin rashin daidaito. Masu cewa bambancin lada dole ne don a jawo ƙwararru zuwa manyan ayyuka su ne Kingsley Davis da Wilbert Moore, 'yan Amurka, a 1945, shekara 28 bayan mutuwarsa. Durkheim ya ware babi guda a kan rabon aiki na tilas, wato inda haihuwa da gadon dukiya ke zaɓa wa mutum sana'a maimakon baiwarsa, ya kira shi cuta. Ya kuma yi maganar halin da al'umma ke shiga idan ƙa'idoji suka saki, buri ya rasa linzami, abin da ya faɗaɗa a littafinsa na 1897 kan kisan kai. Matashin da ya raina sana'ar gidansu, boko kuma bai ba shi aiki ba, ya rasa tudun dafawa, a wannan babin yake.

Weber zai tsaya a kan toshe hanci. A nan nake son ka daɗe, don a nan ne ƙasar Hausa ta fi ba da abin faɗa. Weber bai musa aji ba, sai dai ya ce aji matsayin mutum ne a kasuwa, kuma ba dukiya kaɗai ake kai wa kasuwa ba, har da ƙwarewa da takardar shaida. Likita da lebura duk albashi suke ci, ba mai masana'anta a cikinsu, amma damar rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Sannan ya ce bayan aji akwai martaba, akwai kuma ƙungiyar neman iko, kuma ukun nan ba dole su taru a hannun mutum ɗaya ba.

Mu mun san wannan tun kafin mu ji sunansa. Akwai mahaucin da ya fi hakimi kuɗi, amma ya je neman aure wani gida a tsaya ana tambayar asali. Akwai malamin zaure da ba shi da buhun gero a ɗaka, amma in ya shigo taro attajiri ya tashi ya ba shi wuri. Ana gane martaba ta wurin wa ke auren wa, wa ke cin abinci da wa, wa ke cire takalmi gaban wa. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin Zazzau, ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera sana'o'i, masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, mahauta da maroƙa can ƙasa, ya kuma nuna bambancin sana'ar karda da ta shigege, abin da muke cewa ɗan gado da ɗan haye. Ni dai ban taɓa karanta wannan jeri ba tare da raina ya sosu ba, don addinin da muke bi ya ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, amma ga mu muna cin naman mutum, muna taka fatar da ya jeme, muna ƙyamar ba ɗansa aure. Aikin mai nazari ya fara bayyana abin yadda yake, ya nuna yadda masu martaba ke rufe ƙofa don kada na waje ya shigo. In ya gama, yana da damar faɗin ra'ayinsa.

Na biyar, nemo inda gizo ke saƙa

Yanzu ka koma kan magana ta huɗu, "aikin ga gado na". Ita ce ta fi daraja, don duka ukun suna da abin cewa a kanta kuma ba za su yarda da juna ba. Marx zai ce gado hanya ce ta sake haifar aji: ɗan mai jari ya gaji jari, ɗan majemi ya gaji bashi, alfahari da gadon kuma shi ke sa a haƙura. Durkheim zai raba ta biyu: gadon sana'a na koya wa yaro ƙa'ida da sanin inda ya dosa, wannan alheri ne, amma ranar da ya hana yaro mai kaifin lissafi zama injiniya ya zama tilas. Weber zai ce sai ka tambayi tsohon abin da yake nufi. Kuka yake yi ko tutiya? In tutiya ce, to gadon nan shi ma katanga ce da majema suka gina don kada ɗan haye ya shigo ya raba musu kasuwa.

Ka ga bambancin hanya ya fito da kansa. Marx na bin kuɗi da tarihin mallaka. Durkheim na cewa a ɗauki al'amuran zamantakewa kamar abubuwa na zahiri da ke wajen mutum suna tilasta masa, a ƙirga su, a gwada wannan wuri da wancan. Weber na neman fahimtar niyyar mai aikin. Da ɗalibina ya koma ya tambaya, tsohon ya ce shi yana alfahari da aikin, amma jikokinsa biyu ya sa su boko kuma ba ya son su taɓa kwatarniya. Amsar ba ta shiga gida ɗaya ta zauna ba, kuma haka ya kamata a rubuta ta.

Na shida, gwada su da tarihin garin nan

Ra'in da aka gina da tubalin Turai sai an aza masa kayanmu a ga ko zai ɗauka. Ɗauki addini. Marx ya kwatanta shi da banju mai sa wanda ake zalunta ya manta zafi, ko da yake a wuri guda ya kira shi nishin wanda aka danne. Durkheim, a littafinsa na 1912, ya ce ibadar taro ita ke sabunta haɗin kan jama'a, har ya kai ga cewa abin da ake girmamawa a addini al'umma ce da kanta. Weber, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905 kan ɗabi'ar Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta, ya nuna aƙida na iya tura tattalin arziki gaba. Musulmi ba zai karɓi bayanin Marx ko na Durkheim a kan asalin addini ba, ni ma ban karɓa ba. Amma ka kawo maganar mutum daidai yadda ya yi ta kafin ka mayar masa da martani, wannan amana ce ta ilimi.

To, aza su a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A Kitabul Farƙ, Shehu ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. A nan addini ne ya tayar da talaka da makiyayi, bai kwantar da su ba, kuma wanda ya tsaya a kan kwatancen banju kaɗai zai rasa abin faɗa. Weber zai fi samun wurin zama da rabe-rabensa uku na iko: na baiwa da kwarjinin jagora, na gado, da na doka da ofis. Jama'a sun yi wa Shehu mubaya'a a Gudu a 1804. Bayan rasuwarsa a 1817 Muhammadu Bello ya gaje shi, sannu a hankali muƙamai suka zauna a gidaje, kamar yadda wazirci ya zauna a zuriyar Giɗaɗo. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka kawo mulkin En'e da albashi da fayil, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya zare mulki daga hannun sarakuna. Sai dai ka yi hattara, ikon Shehu a kan ilimi da Shari'a ya dogara, ba a kan kwarjini kaɗai ba, don haka gidan farko na Weber bai ɗauke shi duka ba. Shi ma Weber ya ce rabe-raben nan ma'auni ne na gwaji. Ka kuma sani ya mutu bai rubuta cikakken nazarin Musulunci da ya yi niyya ba, ɗan abin da ya bari a kai ya sha suka.

A nan ne nake shigo da Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima a 1377, fiye da shekara 400 kafin a haifi Marx. Ya ce asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kan rukuni, ita ke kafa daula, kiran addini na ninka ƙarfinta, sannan jin daɗin birni ya narkar da ita a hankali, haraji ya yi nauyi, zalunci ya rusa gari. Ka tuna Malam Abdullahi na Gwandu, tun ba a ci Alƙalawa ba a 1808, ya ga wasu sun fara karkata ga duniya, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Ya faɗi damuwarsa a Tazyinul Waraƙat. Ɗalibin da ya haɗa wannan da Ibn Khaldun da Weber a sakin layi ɗaya ya wuce haddar takardar lacca.

Wasu gwaje-gwaje biyu, a taƙaice. An soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa a 1936, amma har yau akan tono asalin wasu gidaje ranar neman aure: mallaka ta ƙare, tabon martaba ya saura. Sanarwar Sawaba ta jam'iyyar NEPU a 1950 kuma ta yi maganar gwagwarmayar aji, harshen Marx ke nan, amma waɗanda ta sa gaba da talakawa masu riƙe da En'e ne, wato masu iko, ba masu masana'anta ba.

Na bakwai, faɗi abin da ba su gani ba

Dukkansu uku mazan Turai ne, kuma mata ba su samu wuri sosai a manyan littattafansu ba. A bin sawun fatar nan za ka tarar da matan da ke kiwon akuyar da masu yin adon fata a cikin gida, yara na kai musu kaya suna karɓo kuɗi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta kira irin wannan da sunan ɓoyayyen ciniki a nazarinta na ƙasar Katsina. Ga kuma tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jajis, wato matan da ke jagorantar tafiyar, ke kai wa mata ilimi ƙauyuka, martabar da ba ta kuɗi ba ce, ba kuma ta sarauta ba. Mulkin mallaka da launin fata ma ba su ne tsakiyar nazarinsu ba. Wanda ya sa launin fata a tsakiya shi ne W. E. B. Du Bois, baƙar fatar Amurka da ya ƙare rayuwarsa a Accra a 1963.

Na takwas, zauna ka rubuta

Ka tsara sakin layi bisa tambaya, ba bisa mutum ba. Sakin layi ɗaya kan tushen rashin daidaito, duka ukun a ciki. Wani kan dalilin haƙurin na ƙasa, duka ukun a ciki. Ga yadda ɗaya zai iya kasancewa:

"Majemi ba ya yanke wa fatarsa farashi. Marx zai danganta haka da rashin jari, wanda ya sa shi a hannun mai ba shi bashi. Weber zai yarda da wannan, amma zai ƙara da cewa ko ya samu jarin, ƙyamar sana'ar za ta bi shi har wurin neman aure, abin da lissafin riba ba ya bayyanawa. Durkheim kuwa zai ce matsalar ba dogaro da juna ba ce, rashin ƙa'idar adalci ce tsakanin masu dogaron."

A buɗewa ka faɗi matsayarka tun a jimla ta biyu ko ta uku. A rufewa ka yanke hukunci a kan misalin da ka ɗauka, kada ka ɓuya a bayan cewa kowa na da gaskiya. Ni a kan fatar nan ina ganin Marx ya fi bayyana rabon kuɗi, Weber ya fi bayyana abin da ke faruwa a zaure da wurin ɗaurin aure, kuma shi ya fi kusa da yadda Sakkwato take. Wani malamin zai saɓa min, in ka kawo hujja kai ma kana iya saɓawa.

In a ɗakin jarrabawa ne kuma minti 40 gare ka, ba da biyar na farko ga zana gidajen nan a bayan takarda, ka zaɓi tambayoyi uku kawai, ka bar biyar na ƙarshe don dubawa. Wajen dubawar, rufe sunayen masanan da yatsa ka karanta jimlar. In ba za a gane mai maganar ba sai an ga sunansa, jimlar ba ta cika ba, gyara ta. In kuwa jinga ce ko kundin kammala karatu, kada ka sa sunan wanda ka yi hira da shi sai da izininsa, kuma kafin ka miƙa wa malaminka, sayi goro ka koma wurin dattijon, ka karanta masa abin da ka rubuta a kansa da Hausa, ka gyara duk inda ya ce ba haka ya faɗa ba.